Burduddugi da Wuri: Halittu Biyu da Sawunsu a Harshen Hausa

Idan damina ta sauka a Korahane, cikin yankin Dakoro, kukan burduddugi kan cika tabkuna da dare. Wuri kuwa babu wanda ya taɓa ganin mai ransa a nan, sai ƙwansonsa a jikin laya ko adon ƙwarya. Bambancin halittun nan biyu ya bar sawu a harshe.

Burduddugi babban kwaɗo ne mai ƙashin baya. A ruwan daɗi yake zuba ƙwai. Ɗansa kan fito da wutsiya yana numfashi cikin ruwa, daga baya ya yi ƙafafu da huhu ya hau tudu. Da rani yakan ɓuya inda ƙasa take da laima, don fatarsa ba ta jure bushewa, ba ta jure gishiri.

Wuri ɗan ƙaramin dangin dodon koɗi ne. Ba shi da ƙashi ko ɗaya. Tsoka ce mai laushi cikin ƙwanso, kuma ruwan gishiri kaɗai ke rayar da shi. Mafi shahararsa daga tsibiran Maldib na Tekun Indiya fatake suka yo shi. A 1851 Heinrich Barth ya tarar ana ƙirga shi biyar-biyar a Tasawa.

Da yake Bahaushe ya zauna da kwaɗo da ransa, ya rarrabe irinsa da sunaye: burduddugi, ƙozo, talibambam. Har ya ara wa abin kulle ƙofa sunan kwaɗo. Wuri kuwa matacce ya iso, saboda haka kalmomin da suka kewaye shi na lissafi ne, kamar hauya, wato wuri 20, da keso, wato 20,000.

Abin da ya fi jan hankalin ɗalibin harshe shi ne jam'insu. Kwaɗo da kwaɗi suna tare har yau. Jam'in wuri kuwa kuɗi ne, ko kuɗɗi a bakin mutanen Maraɗi, amma ya rabu da tilonsa ya koma sunan takarda da ƙarfe. Yaro yana cewa kuɗi kullum bai san wuri ba, sai in ya ji ana yabon dukiya da “wuri na gugar wuri”. Ya kamata ɗalibai su nemi dattawa su rubuta kalmomin ƙirgar wuri tun ana tuna su.