Yadda Maƙwabtanmu Kirista Ke Riƙe Jama'arsu

Shugabannin ƙungiyarmu sun ba ni fili in faɗi wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin allo ne a nan Nima, yau shekara 20 ke nan ina bisa buzu, da ajami kuwa na fara rubutu tun ban san boko ba, saboda haka in kun ga tuntuɓe ku gafarce ni. Zancen na maƙwabtanmu Kirista ne, watau yadda su ke ibadarsu, da yadda su ke zumunci, da yadda su ke taimakon na waje. Na sani wani dattijo zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To, Baba, a saurara a ji mafarin.

YARON DA YA ƁACE

Shekarun baya kaɗan wani almajirina ya ɓace, yaro ɗan shekara 12, maraya, uwarsa tana dako a kasuwa. Muka yi kwana 9 muna cigiya, tashar mota, bakin kasuwa, har wajen 'yan sanda, shiru. Ran nan sai wani yaron mota ya ce mini yana ganinsa da safe a ƙofar cocin Roman Katolika na Cantonments, wanda a ke kira Christ the King, watau Almasihu Sarki, daura da fadar shugaban ƙasa. Kashegari da na idar da asuba na sa takalmi na tafi. Ina isa kuwa sai ga yarona cikin layi tare da yaran titi, yana jiran a zuba masa abinci.

Wallahi jama'a, zuciyata ta tafasa. Na kama hannunsa zan fizge shi, sai wata dattijuwa cikin masu rabo ta dubi hulata da rigata, ta ce da 'yar Hausarta, "Malam, ɗanka ne? Bari ya ci tukuna." Kunya ta kama ni, na saki. Ya ci, na yi mata godiya, muka kamo hanya. Na ce masa, "Sun sa ka yi addu'arsu?" Ya ce, "A'a Malam, sunana suka tambaya, da inda na ke kwana." Na ce, "To, me ya kore ka daga makaranta, bulala?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yunwa, Malam."

Maganar nan ta fi mari zafi. Na san surar da yaron nan ya tsaya, na san harafin da ke ba shi wuya, amma ban taɓa tambaya ko ya karya kumallo ba. Tun daga ran nan na ƙudura sai na san yadda mutanen nan su ke tafiyad da al'amarinsu.

ASALIN TUKUNYAR

Limamin cocin a lokacin shi ne Fada Andrew Campbell, mutumin ƙasar Ailan, wanda ya sauka Gana a 1971. A 1993 ya kafa kwamitin taimakon kutare, ya shiga neman kuɗi don waɗanda ke zaune a gidan kutare na Weija, bayan garin nan namu na Ankara. Ya kan yi ta faɗakad da mutane cewa kuturta tana da magani, wanda ya warke kuwa bai kamata danginsa su guje shi ba. Gaskiyarsa ce, gama magungunan da likitoci ke haɗawa su kan kashe ƙwayar cutar cikin wata 6 zuwa 12, tun 1995 kuma kyauta a ke ba da su a duniya. A 2016, shekarar da Paparoma Faransis ya kira shekarar jin ƙai, jama'ar cocin suka kafa madafar ciyad da yaran titi da marasa galihu. A nan na tsinci almajirina.

Da yawa cikinku kun tuna cocin nan saboda wani dalili dabam. Ran Lahadi 21 ga Afrilu 2019, ranar Idinsu na Ista, Babban Limamin ƙasa, Shaihu Usman Nuhu Sharubutu, ya tafi can da jama'arsa cikin hidimar cikarsa shekara 100, Fada Campbell ya tarbe shi. Aka yi ta ka-ce-na-ce a zango, har mai magana da yawunsa ya bayyana cewa ziyarar zumunci ya kai, ba ibada ya tafi yi ba. A wannan rana kuwa, can ƙasar Siri Lanka, waɗansu suka tayad da bama-bamai a coci 3 da masauki 3, mutum fiye da 250 suka halaka. Rana ɗaya, ƙasa biyu. Mai hankali ya auna ya ga wadda zai so jikokinsa su tashi a ciki.

YADDA SU KE IBADA

Ina da maƙwabci, tela ne mutumin Navrongo, Katolika tun kakansa, gama limaman Turawa sun sauka garinsu tun 1906. Hausa mu ke yi da shi, kamar yadda mu ke yi da Farafara da Dagarti da sauran mutanen arewa da ke zaune tare da mu. Da mahaifiyarsa ta rasu na yi masa ta'aziyya, ran Lahadin da suka yi mata addu'a a ɗan cocinsu ya roƙe ni in zo. Na shawarci malamina, ya ce in tafi in zauna baya, kada in yi abin da ba namu ba. Haka na yi.

Ibadarsu ta Lahadi kashi biyu ce. Kashi na fari karatu ne. A kan karanta wani abu daga littattafan annabawan da, a rera Zabura, a karanta wasiƙar ɗaya daga manyansu na farko, sa'an nan kowa ya miƙe tsaye a karanta Linjila, Fada ya yi wa'azi a kai. Kashi na biyu shi ne na gurasa da ruwan inabi, wanda su ke yi don tunawa da jibin ƙarshe na Almasihu da almajiransa. Wannan nasu ne su kaɗai, baƙo ba ya karɓa, ba wanda kuma ya ce in matso. Kafin su karɓa kowa ya kan juya ya ba na kusa da shi hannu da fatan salama. Maza da mata wuri ɗaya su ke zama, da waƙa da ganga, abin da mu ba mu saba da shi ba.

Suna da azuminsu kuma, kwana 40 kafin Ista, wanda ke farawa ran wata Laraba da a ke shafa musu toka a goshi don su tuna ƙasa za su koma. Ba irin namu ba ne na kame baki daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Rage ci su ke yi a ranar tokar da Jumma'ar ƙarshe, su bar nama kowace Jumma'a ta kwanakin, su yawaita sadaka.

Kada wani ya ce Malam ya ruɗe. Abin da su ke faɗi game da Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata gare shi, cewa an gicciye shi ya tashi, mu ba haka muka karanta ba. Na faɗa wa maƙwabcina wannan a fili, shi ma ya faɗa mini nasa, muka sha shayi muka rabu lafiya. Abin da na tafi dubawa shi ne tsari, shi kuwa na gani.

ZUMUNCI DA LISSAFI

Ku 'yan kasuwa, nan ne wurinku. Kafin a tashi sai wani mutum ya hau da littafi ya yi sanarwa: abin da aka tara makon jiya kaza ne, wance tana asibiti, wane ya rasa uba, za a tafi gaisuwa ran kaza. Kowa ya ji da kunnensa. Maƙwabcina ya ce da wuya ka sami mutum a coci wanda ba ya cikin wata ƙungiya. Akwai ta iyaye mata, da ta samari, da ta mawaƙa, da ta manyan maza irin Knights of Marshall wadda aka kafa a Sekondi a 1926. Kowace tana da ranar taro, da magatakarda, da ma'aji, da kuɗin wata. In mutum ya yi Lahadi biyu ba a gan shi ba, 'yan ƙungiyarsa za su bi sawu.

Wadda ta fi ba ni sha'awa ita ce ƙungiyar Vincent de Paul. Waɗansu samari 'yan makaranta suka kafa ta a birnin Paris na Faransa a 1833, ta bazu har ta iso ƙasar nan. Su kan taru mako mako, a zaga da jaka, kowa ya cusa hannu ya saki abin da ya sawwaƙa, ba mai sanin na wani. Sa'an nan su fita biyu biyu su bi gidajen tsofaffi da majinyata, su komo su ba da labari, a rubuta. Mabukaci yana ɗakinsa taimako zai same shi, ba sai ya zubad da mutuncinsa a bakin hanya ba.

Wajen tara kuɗi kuma suna da dabara. Akwai wanda su ke kira na Kofi da Ama. A kan kira mutane bisa ga ranar haihuwarsu, su Kwasi da Akosua na Lahadi, su Kofi da Afua na Jumma'a, su Kwame da Ama na Asabar, har ranakun su cika 7. Kowane rukuni ya fito da rawa ya zuba nasa, a ƙirga, a faɗi wanda ya yi rinjaye, a yi ta dariya da tsiya. Sau ɗaya a shekara kuma su kan yi bikin godiyar kaka, kowa ya kawo abin da ya ke da shi, doya ko akuya ko turmin atamfa, a yi gwanjo, mai hali ya saya da ninkin kuɗinsa da gangan don asusu ya cika. Da haka su ke gina makaranta da ɗakin shan magani, da haka tukunya ke hawa murhu.

INA MUKA TSAYA?

Ƙidayar 2021 ta nuna Kirista 71 ne cikin 100 na mutanen Gana, Musulmi kuwa kusan 20. Tare mu ke kasuwa, tare mu ke haya, famfo ɗaya mu ke ɗiba. Zama da su ba sabon abu ba ne gare mu, ko yaran makaranta sun san sahabban farko da aka matsa musu a Makka wurin Najjashi, sarkin Habasha Kirista, suka sami mafaka.

Mu ma ba a bar mu baya wajen kyauta ba. Kowa ya san yadda abinci ke yawo a zango da azumi, da naman layya, da yadda a ke haɗa likkafani kafin azahar in baƙo ya mutu. Tun zamanin fataken goro maigida ke saukad da baƙon da bai taɓa gani ba, sunan zango ma daga nan ya samo asali. Amma kyautarmu ta lokaci ce, kamar ruwan bazara, ta zubo da yawa ta ɗauke. Mu kan ba wanda ya miƙo hannu, mai kunya kuwa ya kwana da yunwa. Ba mu da littafi, in kuwa an tara kuɗi ba a faɗi inda suka shiga ba, sai zargi ya tashi, mai bayarwa ya janye hannunsa.

Wani Alhaji da na ba shi labarin nan ya ce, "Malam, a hana yaranmu zuwa can mana." Na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri, in mun hana su, wa zai ɗora tukunyar?" Ku dubi 'yan matan nan 'yan kayaye masu kwana a barandar kantuna, da yawansu Amina ne da Fati daga arewa. Wanda ya ciyad da ɗanka ran da ka manta da shi godiya ya cancanta, laifin kuwa a nemo shi a gida.

SHAWARA

Ga abin da na ke roƙon dattawa su duba a taron wata mai zuwa. Na ɗaya, a sami littafi a kowane masallacin unguwa, a rubuta marayu da gwauraye da tsofaffin da ba su da kowa. Na biyu, a zaɓi mutum biyu biyu masu riƙon asiri su riƙa zagawa kowane mako. Na uku, a ɗora tukunyar koko da ƙosai kowace safiya don almajirai da yaran titi, kowane yaro ya zo a ba shi, kada a tambayi addininsa, yadda ba a tambayi nawa ba. Na huɗu, kuɗin da aka tara a karanta lissafinsu a fili bayan sallar Jumma'a, har kwabo na ƙarshe. In kuwa ana son gasa, ai mu ma muna da Ɗanladi da Ladi, da Ɗanjuma da Jummai, da Ɗan'asabe da Asabe, sai a gwada a ga ranar da ta fi 'ya'yan albarka.

Ni dai na ba da barandar makarantata don tukunyar, mai ɗakina kuma ta yarda za ta dama kokon Asabar da Lahadi. Sauran kwana 5 na bar muku. Almajirin nan nawa kuwa, alhamdu lillahi, ya sauke, yana koyon ɗinki wurin maƙwabcin nan nawa, in lokacin salla ya yi shi da kansa ke ce masa ya ajiye almakashi ya tafi masallaci.

Allah ya zaunad da ƙasarmu lafiya, ya ba mu ikon riƙe amanar marayu, amin. Haza wasalam.