Allo, Lakwal da Wayar Hannu: Ina Muka Dosa?

Jama'a, duk wanda ya zauna majalisar dattawa a Zangon Parakou ko na Djougou bayan sallar la'asar ya san zancen da ake yi. Wasu na cewa wayar hannu ta lalata yara: ba tilawa, ba gaisuwa, kai a sunkuye dare da rana. Wasu kuma na cewa albarka ce, domin tsohuwar da ba ta taɓa zuwa lakwal ba yanzu tana aika saƙon murya ta WhatsApp zuwa Malanville ko Kano, ta yi cinikin albasa, ta karɓi kuɗinta ta MoMo ba tare da ta taka tasha ba.

Wannan gardama ba yau muka fara ta ba. Kakanninmu fatake ne, da jakuna suka bi ta Nikki da Djougou zuwa Gwanja sayen goro. Da jirgin ƙasa daga Kwatano ya iso Parakou a 1936, ga motoci kuma, ayari ya mutu, amma fatauci bai mutu ba, sai dai ya sake hanya. Inda muka yi sanyin ƙafa shi ne lakwal. Iyaye da yawa sun ƙi ta don gudun kada yaro ya bar addini, har muka wayi gari muna neman mai karanta mana takardar Faransanci. Yau ga Jami'ar Parakou tun 2001 a ƙofar gidanmu, kuma tun 2006 aka soke kuɗin makarantar firamare ta gwamnati.

Duk da haka tsoron dattawa ba na banza ba ne. Yaranmu suna magana da Dendi a kasuwa, suna rubuta Faransanci a waya. Hausa ta rage a baki kawai, ajami kuwa sai tsofaffi. In saƙon murya ya ishe mu, wa zai rubuta Hausa nan da shekara 20?

Shawararmu ita ce kada a ƙwace waya, kada kuma a sakar wa yaro ita. A ajiye ta lokacin allo da lokacin darasi. Uba ya san abin da ɗansa ke kallo. Malamanmu su ware ko sa'a ɗaya a mako don koyar da rubutun Hausa, boko da ajami. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.