Ɗan Riƙo a Gombe: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Ake Yi a Gida

Da wuya ka bi layi guda a Jekadafari ko Bolari ko Pantami ba ka tarar da gidan da ake riƙon ɗan wani ba. Wani ɗan ƙanwar matar gida ne da aka kawo daga Dukku don ya yi boko. Wata marainiya ce da baffanta ya ɗauko bayan sadakar arba'in. Wani kuma ɗan fari ne da kara ta sa iyayensa suka bar wa kaka tun daga yaye. Lokacin da rikicin Boko Haram ya yi tsanani a 2014, jama'ar da suka kwararo Gombe daga Borno da Yobe da Adamawa da yawansu a gidajen mutane suka sauka, kuma cikinsu akwai yaran da iyayensu ba su iso tare da su ba. Duk wannan riƙo ya gudana ne ba tare da alƙali ya sa hannu ba, ba tare da an rubuta ko layi ɗaya a takarda ba.

Al'ada ce mai kyau, kuma ita ta hana garuruwanmu cika da gidajen marayu. Matar da Allah bai ba haihuwa ba takan samu ɗa daga 'yan uwanta, ta yi masa kaciya, ta yi masa aure, ta ga jikoki. Amma wanda ya san gari ya san ɗaya fuskar. Akwai yarinyar da ake ce wa 'yar riƙo, alhali 'yar aiki ce da dillaliya ta kawo daga ƙauye, kuɗin aikinta kuma wani ke karɓa a ƙarshen wata. Akwai marayan da 'ya'yan gida ke tafiya makaranta shi kuma ya ɗauki farantin talla zuwa tasha. In mariƙi mai tsoron Allah ne, yaro ya dace. In ba haka ba, riƙon sakainar kashi zai sha, kuma babu ƙofar da zai ƙwanƙwasa. A wannan gurbin ne ya kamata doka ta tsaya.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara a 1989, Nijeriya ta karɓe ta a 1991, sannan a 2003 Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa hannu a Dokar Haƙƙin Yara. Sai dai tsarin mulki bai sa lamarin yara cikin abubuwan da tarayya ke yi wa jihohi doka a kansu ba. Don haka dokar ta hau kan Abuja kai tsaye, kowace jiha kuma sai majalisarta ta yi tata. Har zuwa 2019 jihohi 11 ba su yi ba, dukkansu a Arewa, kuma Gombe na ciki. Daga baya suka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya, galibi da sunan Dokar Kare Yara, bayan an zauna da malamai da sarakuna an yi gyare-gyare: Katsina a 2020, Borno a 2022, Kano a 2023. Gombe na cikin waɗanda suka fi jan ƙafa.

Abu biyu suka jawo tirjiyar. Na farko shi ne hana aurar da wanda bai kai shekara 18 ba, kuma shi ne ya cika rediyo da mumbari. Na biyun, wanda ba a cika yi wa jama'a bayaninsa ba, shi ne sashen da ya ba kotu ikon mayar da ɗan wani ya zama ɗanka na har abada.

Wannan tsari ya daɗe a Kudu. Tsohuwar Jihar Gabas ta yi dokarsa a 1965, Legas ta yi tata a 1968, Arewa kuwa ba ta yi ba kafin dokar 2003. A ƙarƙashin dokar 2003, ma'aurata na iya nema idan kowannensu ya kai shekara 25, wanda ba shi da aure kuma sai ya kai 35, kuma yaron ya zama jinsinsu ɗaya. Dole mai nema ya girmi yaron da shekara 21 aƙalla, yaron kuma ya zauna a hannunsa wata uku a jere kafin kotun iyali ta yanke hukunci. Da zarar ta yanke, haƙƙin iyayen asali ya yanke, yaro ya koma kamar ɗan cikin wanda ya ɗauke shi, har da gado.

Nan ne Musulmi ya ja birki, kuma yana da hujja. Wannan shi ne tabanni da Suratul Ahzab ta soke. Zaidu ɗan Harisa ya tashi a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har ana kiransa da sunansa, sai wahayi ya zo da umarnin a jingina kowane ɗa ga mahaifinsa. Nasaba ba ta sauyawa da hukuncin kotu, saboda gado da waliccin aure da muharramaka duk a kanta suke rataye. Amma Gombe ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A Billiri da Kaltungo da ƙasar Tula da Waja, da cikin birnin kansa, akwai Kiristocin da addininsu bai hana su wannan ba. Ma'auratan da suke so su ɗauki jariri ta hanyar halal suna buƙatar kotu da rajista, domin inda babu hanyar doka, 'yan kasuwar jarirai ne ke buɗe tasu. Jiha mai irin wannan haɗin jama'a dole dokarta ta buɗe ƙofa biyu, kowa ya shiga wadda imaninsa ya yarje masa.

Abin takaici shi ne ƙofa ta biyun tana cikin dokar 2003 tun farko, hayaniya ce ta hana a gan ta. Akwai sashe guda a kan riƙo, wanda bai taɓa sunan yaro ko nasabarsa ba. Ya shafi yaron da aka yasar, da maraya, da wanda ake azabtarwa ko aka yi watsi da shi. Kotu ce ke damƙa shi ga mariƙi bayan an binciki halinsa da ƙarfinsa, ba a ba mutum ɗaya fiye da yara uku sai da dalili na musamman, jami'an walwala kuma suna da ikon ziyartar gidan su ga yadda yake. In riƙo ya ɓaci, kotu ta karɓe shi. Dokar ta kuma hana sa yaro bara ko talla, ta hana kai shi aikatau a gidan da ba na danginsa ba. Wane malami ne zai ce waɗannan sun saɓa wa shari'a? Ita kanta yarjejeniyar 1989 ta ambaci kafala ta Musulunci da sunanta a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa iyali. Aljeriya ta sa ta cikin dokar iyali tun 1984, Maroko ta yi mata doka ta musamman a 2002: alƙali ya damƙa yaro, a rubuta, a riƙa bibiya, sunan mahaifi kuma yana nan.

Fikihun Malikiyya da alƙalanmu ke hukunci da shi bai bar wannan fage a buɗe ba. Renon yaro bayan rabuwar aure na uwa ne, bayanta sai mahaifiyarta, ana fifita dangin uwa mata kafin a waiwayi na uba. Namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyarwa kuma a wuyan uba take. Yadda wasu maza ke fizge yara daga hannun uwa ranar da suka sake ta, su kai wa amarya ko wata gwaggo da sunan riƙo, ba shari'a ba ce, fin ƙarfi ne. Jaririn da aka tsinta kuwa ɗaukarsa farilla ce a kan al'umma, ɗa ne mai 'yanci, in ba shi da dukiya baitulmali ke ciyar da shi.

Inda ɗan riƙo ya fi shan wuya shi ne ranar da mariƙinsa ya rasu. Ya tashi a gidan, ya yi jinya, wataƙila shi ya riƙe shagon, amma ranar rabon gado ba shi da ko allura, don ba magaji ba ne. Haka jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa: matuƙar akwai baffanni maza, sun shamakance shi. Masar ta magance wannan na jikoki tun 1946 da wasiyyar dole. Mu ba mu da irin wannan doka, amma muna da abin da ya isa in za a yi amfani da shi. Mutum na da ikon yin wasiyya da kashi ɗaya cikin uku na dukiyarsa ga wanda ba magaji ba, kuma ɗan riƙo na cikin waɗanda suka fi cancanta. Yana kuma iya ba shi kyautar fili ko gida yana raye da lafiyarsa, da sharaɗin a damƙa masa ya karɓa, a kafa shaidu, a rubuta. Mutanenmu suna ganin rubuta wasiyya kamar kiran ajali ne, sai a yi ta cewa 'ya'yana ba za su wulaƙanta shi ba. Zauren kotunan shari'a ya sha ganin yadda wannan zato ke ƙarewa.

Masu damuwa da batun hijabi da kaɗaita idan yaro ya girma su ma suna da mafita. In jariri ne da bai wuce shekara biyu ba, matar gida ko 'yar uwarta ta shayar da shi, kuma a wajen Malikiyya ko sau ɗaya nono ya isa cikinsa ya wadatar. Shayarwa tana haramta aure, ba ta kawo gado.

Sai batun takarda, wanda aka fi rainawa. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai Anambra, an sauya musu suna, wasu har sun manta Hausa. Iyaye a Gombe ma sun sha kukan ɓatan ƙananan yara. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, ba a rubuta a hannun wa yake ba, shi ne ya fi sauƙin ɓacewa, kuma ko an gano shi tabbatar da iyayensa kan zama aiki. Rajistar haihuwa aikin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce, kuma sunan mahaifin yaro na gaskiya ake sawa, ba na mariƙi ba, komai ƙaunar da ake yi masa.

Ban ga hikimar a ce duk kakar da ta ɗauki jikanta sai ta je kotu ba. Dokar da ta nemi haka a kan takarda za ta tsaya. Amma yaron da ya fita daga hannun danginsa na jini zuwa gidan bare, ko aka ƙetare da shi zuwa wata jiha, ya kamata mai unguwa ya sani, ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya rubuta. Ƙananan hukumomin Gombe 11 ne kacal, kuma masarautu suna da dagatai da masu unguwanni har lungu. Wanda ya tsinci jariri kuma kada ya kai shi gida ya yi shiru don tausayi, kada ya miƙa wa wata don ba ta haihu ba. Ya sanar da 'yan sanda, a kai jaririn asibiti, sannan ma'aikatar harkokin mata da walwalar jama'a ta karɓi lamarin. In yana son riƙonsa, ta nan zai nema, kuma doka ta haramta biya ko karɓar kuɗi a kan miƙa yaro, ko da an kira shi tukuici.