Talabijin ɗin gem daban, na fim daban

Fagge da Sabon Gari a Kano sun daɗe da sanin daɗin kallo. A Sabon Gari aka buɗe sinimar Rex a 1937, Eldorado ta biyo baya, Fagge kuma ta yi Plaza da Wapa, inda yau 'yan canji suka yi sansani. Yanzu kallo ya koma falo da gidajen ƙwallo da shagunan gem. Shi ya sa mai shiga shagunan kayan wuta na Sabon Gari da kuɗinsa a aljihu yakan fara da tambaya ɗaya: LG, Samsung ko Sony, wanne ya fi? Kafin a kai ga sunan kamfani akwai tambayoyin da suka fi wannan muhimmanci: me za a kalla, a wane ɗaki, kuma da wace wuta?

Mai buga gem sauri yake nema. Tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa a allo akwai 'yar tazara, kuma a cikinta ake cin mutum ƙwallo. Manyan talabijin na yanzu, idan aka sa su a tsarin gem, suna rage tazarar zuwa kusan kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, tana iya aika hoto 120 a daƙiƙa, amma a 4K sai ta kafar HDMI 2.1. A nan LG da Samsung suka yi gaba, domin manyan samfuransu na zuwa da irin wannan kafa har huɗu, yawancin na Sony kuwa biyu, ɗaya ma ita ake jona wa lasifika. Sai dai wasan ƙwallon da matasanmu har yanzu suke kira FIFA, ko da yake an sauya masa suna a 2023, hoto 60 yake gudu a daƙiƙa. Mai shagon gem da ƙwallo kaɗai ake bugawa a wurinsa ba shi da dalilin biyan kuɗin saurin da ba zai mora ba.

Fim kuwa hoto 24 ake ɗaukarsa a daƙiƙa, abin da yake buƙata shi ne launi na gaskiya da baƙi mai zurfi. Allon OLED ya fi kowane a nan, saboda kowane ɗigon haske yana kunna kansa ya kashe kansa, don haka dare a fim yakan fito dare sosai. Sony ba ta ƙera wannan allo da kanta, daga LG da Samsung take saye. Ƙarfinta yana cikin na'urar da ke gyara hoto, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin abin da ake kallo a Kano bai kai 4K ba: Labarina a YouTube, Daɗin Kowa a Arewa24, fassarar fina-finan Indiya da ake turawa a filashi. Dole talabijin ta ƙara wa irin wannan hoto ɗigogin da babu su tun asali, masana harkar kuma sun daɗe suna yaba wa Sony a wannan aiki. Mai kallon Netflix shi ma ya sani cewa LG da Sony suna karanta tsarin Dolby Vision, Samsung kuwa ta tsaya kan nata HDR10+.

Bayan haka sai yanayin garinmu, wanda ba a rubuta shi a jikin kwali. Falon da rana ke shiga ta taga ya fi dacewa da allon Mini-LED, kamar Neo QLED na Samsung ko manyan samfuran Hisense da TCL, domin haskensu ya fi ƙarfi, farashinsu ma sau da yawa ya fi sauƙi. OLED kuma yana da rauni guda: tambarin tasha ko akwatin sakamakon wasa da ya yini a wuri ɗaya kullum yana iya barin tabon da ba ya gogewa. Talabijin ɗin tana gyara allonta bayan an kashe ta da rimot, muddin tana jone da wuta. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, ko ake kashe janareto da zarar an tashi wasa, wannan gyara yakan katse. Saboda haka gidan ƙwallo da shagon gem su bar OLED ga mai falo da sola da inbata. Sitabilaiza da takardar garanti kuwa wajibi ne ga kowa, mai sayen ta hannu kuma ya sa a nuna masa allo mai ruwan toka zalla, nan tabo ke bayyana.

A taƙaice, wanda gem ya fi ƙarfi a gidansa ya duba LG ko Samsung. Mai son fim da dare, fitila a kashe, ya duba Sony ko LG. Amma kada hoton da ake nunawa a shago ya ruɗi kowa, domin an ƙure haske da launi ne don jan ido, bidiyon kuma kamfani ne ya zaɓo shi. Mai saye ya je da filashinsa ɗauke da fim ɗin da iyalinsa ke kallo, ya roƙi mai shago ya mayar da talabijin tsarin gida, ya zauna ya gani da idonsa. Kayan da ake biya da miliyoyin naira, kuma ake fatan ya yi shekaru a gida, ya cancanci wannan ɗan haƙuri.