Yanke sifirin na kashe tsoffin motoci a Zariya

Duk wanda ya tsaya da yamma a bakin titin Kongo, kusa da ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello, ba zai daɗe ba zai ga irin motar da nake nufi. Marsandi 190 ce, ko Golf mai ƙofa biyu, ko tsohuwar BMW, ta sha sabon fenti da manyan wili masu ƙyalli, an kwantar da ita har tayoyin sun kusa ɓuya a jikinta. Da ta iso tudun rage gudu sai direban ya karkace, ya hau a kaikaice, taya ɗaya bayan ɗaya, masu Keke Napep na danna masa oda a baya, kuma duk da wannan lallaɓawa sai ka ji salansa ta gogi kwalta. Motocin da suka yi shekara talatin suna jure hanyoyinmu, yau da hannunmu muke ƙarasa su.

An fi ɗora laifin kan samari da abin da suke kallo a TikTok da Instagram. Da gaskiya a ciki, amma son ado a mota ya girmi wayar hannu. Abin da ya canza shi ne kuɗi. Kamfanoni irin su Eibach da H&R suna ƙera sifirin na musamman da ke sauke mota da kamar santimita 3 zuwa 4, gajere ne kuma ya fi na asali ƙarfi, ana haɗa shi da shakazoba irin na Bilstein ko Koni da aka yi don wannan tsayin. Duk da kuɗin waje ake sayensu. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kayan da saurayi zai iya tara wa kuɗi a da sun ninka sau uku. Sha'awar tana nan, aljihun ne ya gaza.

Sai a nufi gareji. Bakanike ya leƙa ƙasan motar ya ce, "Yallaɓai, zagaye biyu kawai za mu cire, za ta kwanta." A ciro sifirin, a sa injin yankan ƙarfe a datse. Wani ma ba ya ciro shi, mai walda ake kira ya gasa shi da wuta har ya yi ja, nauyin motar ya danne shi. Shakazoba kuwa a bar tsohon, ko a sayo ɗan Beljiyam a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, wanda mai sayarwar kansa bai san tafiyar da ya yi a Turai ba. Araha ba ta ado, a nan kuwa har haɗari take jawowa.

Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke tsayar da tsayinta. Shakazoba aikinsa hana ta rawa: sanda ce ke hawa da sauka cikin bututu, tana tura mai ta ƙananan ramuka, wannan turjiyar ce ke kashe tsalle. Injiniyoyin da suka ƙera motar sun auna su tare. Idan aka rage tsawon sifirin, sandar ta riga ta nutse tun motar tana tsaye, filin da ya rage mata kaɗan ne. Ramin farko da aka faɗa sai ta kai ƙarshe, bugun ya wuce kai tsaye zuwa jikin mota, jikin da tsatsa ta riga ta fara ci. Ba a jimawa robar bakin bututun ta saki, mai ya tsiyaye, motar ta koma tsalle. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe kwalta, birki ba ya kamawa a inda ya saba, kuma a titi irin na Tudun Wada, inda almajiri ko ɗan makaranta kan faɗo hanya ba sallama, taku biyu ne tsakanin tsayawa da jana'iza.

Sifirin da aka datse bakinsa ba ya zama daidai a mazauninsa, yana iya gocewa idan taya ta rataya. Wanda aka gasa ya fi muni, domin wuta ta kashe ƙarfin ƙarfen, zai yi ta lotsawa, gefe ɗaya ya fi ɗaya, wata rana ya karye. Tayoyi su karkace su riƙa cinyewa ta ciki. Babbar asara tana ƙasan inji: kaskon da ke riƙe baƙin mai ya matso kusa da ƙasa, dutse ɗaya a lungun da ruwan damina ya zaizaye ya isa ya tsaga shi. Mai ya zube direba bai sani ba, inji ya buga.

Abin da ke ba ni takaici shi ne mun fi kowa sanin wannan darasi. A 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, kuma 504 ba ta mallaki hanyoyin Arewa don kyan fuska ba, sai don tsayinta daga ƙasa da yadda ƙafafunta ke shanye gargada. A wannan shekarar ta 1975 Ove Andersson ya lashe tseren Safari na Kenya da 504, a 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya lashe shi da samfurinta mai ƙofa biyu. Motar tsere ce, amma a hanyar Afirka ba wanda ya yi tunanin manna ta da ƙasa. Direbobin haya na Kwangila ma ƙara wa bayan Golf ɗinsu ƙarfi suke yi, domin da motar suke ci.

Masu kwantar da mota suna da hujjarsu, ban musa ba. Motar da nauyinta ya matso ƙasa ba ta yawan karkata a kwana, kuma wanda ya sayi cikakken saiti na gaske, ya tsaya a santimita 3, zai ji daɗinta a titin Zariya zuwa Kano. Kuma ba don waɗannan samari ba, da yawancin tsoffin motocin nan 'yan gwangwan sun daɗe da sare su. Sai dai nawa ne daga cikinsu suka sayi saitin, kuma wa ke kwana a kan babban titi? Gida ake komawa, ta lungu.

Ga mai tsohuwar mota da kuɗinsa ba su kai ga saiti ba, zaɓin a fili yake. Ya bar sifirin a tsayinsa na asali, idan ya lotsa saboda tsufa ya nemi irinsa. Kuɗin ya zuba su a sabon shakazoba na kamfanin da aka sani, KYB ko Sachs ko Monroe, a canza biyu tare, na dama da na hagu, haɗe da robobin da ke tare bugu. Ya danna kusurwar motar da ƙarfi ya saki: idan ta tashi ta tsaya, lafiya, idan ta ci gaba da lilo, aiki bai ƙare ba. Kanikawanmu na Tudun Wada da Sabon Gari sun san duk wannan sarai, kuma mai mota ya fi jin maganarsu a kan ta kowa. Da za su riƙa gaya wa yaro abin da zagaye biyun nan zai jawo masa kafin su kunna injin yanka, da yawa za su fasa.