Laima da Iska Tsakanin Kano da Ikko

Bahaushen da ya sauka Ikko karo na farko yakan yi kukan zafi, alhali kuwa ma'aunin zafi bai cika wuce digiri 33 a can ba, ga shi kuwa a Kano yakan kai 40 cikin watan Afrilu. Laima ce ke wahalar da shi. Iskar da ke kaɗowa daga Tekun Atlantika cike take da danshi, saboda haka gumi ba ya bushewa a jiki, sai dai ya jiƙe riga. Ta hunturu kuwa daga arewa maso gabas take tasowa, ta kwaso ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta iso Kano a bushe ƙayau. Ita ke kawo faso da kaushi da haɓo.

Fatake sun daɗe da gane wannan bambanci. Mai kawo goro Arewa sai ya naɗe shi cikin ganye, ya riƙa yayyafa wa huhun ruwa, in ba haka ba ya yanƙwane tun bai ga kasuwa ba. Wanda ya kai jakunkunan fata ko kilishi Kudu kuwa, funfuna ce abokiyar gabarsa, musamman a watan Yuni, lokacin da ruwa ya fi zuba a Ikko.