Gaskiya ko Jita-jita: Sauya Kayan Inji Don Ƙara wa Tsohon Babur Girma

Duk wanda ya yi wayo a ƙarshen shekarun 1970 zuwa tsakiyar 1980 a Kano ko Zariya ko Kaduna ya san ƙarar Honda 175 da ta Roadmaster. Babura ne masu silinda biyu da salansa biyu, kuma tun daga nesa ake gane su da amonsu. Yau 'yan kaɗan suka rage, masu su kuwa suna riƙe da su kamar kayan gado. Haka abin yake a Ingila da Amurka da Japan, inda ake lallaɓa tsofaffin Triumph da Norton da Yamaha XS650. Ko'ina ka je a cikin waɗannan wurare, akwai maganar da ba ta ƙarewa a bakin gareji: a ciro bulo da fistin na babban inji a ɗora wa ƙarami, babur ya tashi da sabon ƙarfi. A cikin maganar akwai gaskiya, akwai kuma abin da ya kashe injuna masu yawa.

Kafin a shiga zancen, sai an san abin da ake aunawa. Girman inji, wanda ake faɗa da cc, shi ne yawan wurin da fistin ke sharewa idan ya sauko daga sama zuwa ƙasa, a haɗa na silinda biyun. Abu biyu kaɗai ke yanke shi: faɗin ramin da fistin ke ciki, da tsawon tafiyar da fistin ke yi. Faɗin rami yana hannun bulo da fistin. Tsawon tafiya kuwa yana hannun karanshaf. Wanda ya riƙe wannan, rabin jita-jitar ta riga ta faɗi a gabansa.

"Ɗora bulo da fistin na 200 a kan 185, ya zama 200"

Wannan jita-jita ce. Honda CD185 faɗin raminsa milimita 53 ne, tafiyar fistinsa milimita 41, abin da ya ba da kusan cc 181. CD200, wato Roadmaster, shi ma faɗin raminsa milimita 53 ne, daidai da na 185 ba ƙari ba ragi. Inda suka rabu shi ne tafiya: ta CD200 milimita 44 ce, shi ya ba shi cc 194. Ke nan ƙarin yana can ƙasa, a cikin karanshaf. Ko bulo goma na 200 ka ɗora a kan karanshaf na 185, cc ɗaya ba za ka ƙaru da shi ba.

Asarar ba ta tsaya a kuɗin bulo ba. Bambancin milimita 3 a tafiya yana nufin fistin ya ƙara hawa da milimita ɗaya da rabi, ya kuma ƙara sauka da milimita ɗaya da rabi. Dole ne kamfani ya cike wannan a wani wuri, ko a tsayin bulo, ko a tsayin sandar fistin, ko a inda aka huda fistin aka zura masa ƙusarsa. Idan ka gauraya kayan ba tare da awo ba, ɗayan biyu ne: ko fistin ya kasa kaiwa inda ya kamata, matsi ya faɗi, babur ya yi sanyi kamar mai zazzaɓi, ko ya zarce, ya je ya taɓa bawul ko kan inji. Na biyun ba ya ba da sanarwa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne lambar da ke rubuce a gefen babur. Honda ta yi wani 200 ɗin daban, CB200, wanda ya fito daga zuriyar 175. Shi tafiyarsa milimita 41 ce kamar ta 175, amma an faɗaɗa raminsa daga milimita 52 zuwa 55.5, ya zama cc 198. Babura biyu, kamfani ɗaya, lamba ɗaya, amma ɗaya da faɗi ya girma, ɗaya da tsawo. Wanda ya ji labarin wancan ya zo ya gwada a kan wannan, ya ɗauki maganin wata cuta ne ya sha wa wata.

Ko a cikin babur iri ɗaya ma ba a tsira ba. Yamaha ta yi XS650 daga 1970 har zuwa farkon shekarun 1980, kuma a waje kusan kamarsu ɗaya. Amma injunan farko, waɗanda masu harkar ke kira 256, sandar fistinsu ta fi tsawo kuma ƙusar fistinsu milimita 22 ce, yayin da na baya, masu lamba 447, sandarsu ta fi gajarta, ƙusarsu milimita 20. Fistin ɗin wannan ba ya zama a kan sandar wancan.

"Idan aka fafe bulo, inji ya ƙara girma da ƙarfi"

Girman gaskiya ne, amma ɗan mitsitsi. Fistin na gyara da Honda ta yi wa irin waɗannan injuna hawa huɗu ne: ƙarin milimita 0.25, da 0.50, da 0.75, da 1.00. Ka ɗauki CD200. Hawan farko cc 2 kacal yake ƙara masa. Hawan ƙarshe, wanda bayansa babu sauran fafewa sai dai a sa sabon bututun ƙarfe a cikin bulon, yana kai shi daga 194 zuwa kusan 201. Ba abin da mahayi zai ji a jikinsa ba ne.

To me ya sa mai babur ke rantsuwa cewa babur ɗinsa ya ƙara ƙarfi bayan an fafe? Ba ƙarya yake yi ba. Injin da ya shekara talatin yana aiki raminsa ya ci, ringinsa ya saki, matsi na zurarewa, baƙin mai na hawa yana ƙonewa. Da aka sa sabon fistin a sabon rami, ƙarfin da ya daɗe da ɓacewa ne ya dawo. Saboda haka bakaniken da ya tsallake hawan farko ya kai bulo hawan ƙarshe wai don neman ƙarfi, ya cinye wa mai babur gyara uku da zai yi nan gaba, a kan babur ɗin da samun bulonsa a yau sai an sha yawo.

"Ƙarin cc ƙarin gudu ne"

Nan gaskiya da jita-jita suka cakuɗe. Ƙarin girma na gaske, irin wanda ake yi wa XS650, yana aiki. Raminsa na asali milimita 75 ne, tafiya 74, jimilla cc 654. Idan aka sa masa fistin mai milimita 80 da bututun da ya dace, yana komawa cc 744, ƙarin kusan kashi 14 cikin ɗari. A kan injuna irin wannan da aka kai 750 ne Kenny Roberts ya yi tseren filin ƙasa a shekarun da ya ci kambun Amurka, 1973 da 1974. Sai dai waɗancan injuna ba fistin kaɗai aka sauya musu ba. An yi wa kan inji aiki, an sauya kam da kafireto da salansa, kuma kanikawa na kwance su suna dubawa a kai a kai.

Abin da ƙarin cc ke bayarwa kai tsaye shi ne ƙarfin ja: tashi daga tsaye, hawan tudu, ɗaukar goyo ba tare da yawan sauya giya ba. Gudun ƙarshe kuwa wani lissafi ne. Iska ce babbar abokiyar gabar mai gudu, kuma ƙarfin da ake buƙata don keta ta yana ninkuwa sau takwas idan gudu ya ninka sau biyu. Ko da ƙarin kashi 14 ɗin nan ya koma ƙarfi gaba ɗaya, gudun ba zai ƙaru da fiye da kashi 4 zuwa 5 ba. Babur mai yin kilomita 160 a awa zai kai wajen 167. Wannan ma sai idan bawul da kafireto sun iya shigar da iskar da babban ramin ke nema, kuma an daidaita haƙoran sarƙa. Bawul ɗin da aka yi don ciyar da 650 ba ya faɗaɗa don an sa masa babban fistin a ƙasa.

"Ai kamfanonin da kansu sun yi, don haka babu haɗari"

Wannan ce maganar da ta fi kama da hujja, kuma ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin tarihin kamfanonin ya nuna akasin abin da ake son ya nuna.

Injin Triumph mai silinda biyu, wanda Edward Turner ya zana, ya fito a 1937 yana cc 498. Ya zama 649 a kan Thunderbird, daga baya a kan Bonneville a 1959. A 1973 aka kai shi 744 a kan T140, ta hanyar faɗaɗa rami daga milimita 71 zuwa 76, tafiya na nan a 82. Amma dubi abin da ya biyo bayan waɗannan milimita biyar. Kan inji ya tashi daga ƙusoshi tara zuwa goma don ya riƙe gaskit. An gajarta sandunan fistin, an gajarta bulo. Sarƙar da ke kai ƙarfi daga inji zuwa kuloci ta koma mai layi uku maimakon biyu. An sa giya biyar, an sa birkin faifai a gaba. Kamfani mai injiniyoyi da ɗakin gwaji bai yarda ya sauya fistin ya tsaya nan ba.

Labarin Norton ya fi zafi. Injin da Bert Hopwood ya zana ya shiga kasuwa a 1949 yana cc 497. Aka ja shi zuwa 600, zuwa 650, har zuwa 745 a kan Atlas a 1962. A irin wannan inji fistin biyun tare suke hawa tare suke sauka, don haka duk nauyin da aka ƙara wa fistin jijjiga ce aka ƙara wa babur. Atlas ya yi ƙaurin suna wajen jijjiga, har sai da Norton ta ɗora injin a kan robobi a babur ɗinta Commando don kada girgizar ta isa ga mahayi. Ba a kashe jijjigar ba, an dai raba ta da mutum.

Sai 1972, lokacin da suka fito da injin Combat. Girmansa na nan a 745, amma an ɗaga matsinsa zuwa 10 bisa 1, an sa masa kam mai zafi. Boris ɗin karanshaf suka riƙa mutuwa a 'yan dubban kilomita, fistin suka riƙa karyewa, kamfani ya tafka asarar gyara. Da suka zo yin 850 a 1973, wanda ainihin girmansa cc 828 ne, sai suka sauke matsin zuwa 8.5, suka sa boris masu jure lanƙwasar karanshaf, suka zura dogayen ƙusoshi ta cikin bulo har zuwa cikin kaskon inji.

Dalilin da ya sa na kawo Combat, alhali ba girma aka ƙara masa ba, shi ne wannan: duk wanda ya faɗaɗa rami ya bar ɗakin ƙonewa yadda yake, ya ɗaga matsi ko ya sani ko bai sani ba. A ce injin 654 yana da matsi 8.4. Ka kai shi 744 da fistin mai kai iri ɗaya, matsin ya haura zuwa wajen 9.4. Inji ne da iska ke sanyaya shi, ba ruwa ba. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, da cunkoson da babur ke tsayawa iska ba ta bugunsa, da fetur ɗin gefen titi da ba a san abin da aka zuba masa ba. Za ka fara jin wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ka murɗa mai a tudu. Wannan ƙarar man ne ke fashewa kafin lokacinsa, kuma ita ce ke huda kan fistin.

"Sai an sa babban jet"

Ba lallai ba ne a sauya jet ɗin kafireto. Babban rami yana zuƙar iska da ƙarfi ta cikin kafireton da ke kansa, wani lokaci har ya janyo mai fiye da da. Hanyar sani ita ce a hau babur a gwada, a ciro fulogi a duba: fari fat alamar mai ya yi kaɗan, baƙi mai toka alamar ya yi yawa.

"Injin da aka ƙara wa girma ba ya daɗewa"

Ita ma wannan jita-jita ce idan aka faɗe ta haka a dunƙule. XS650 karanshaf ɗinsa a kan boris huɗu yake zaune, shi ya sa yake ɗaukar 750 ba tare da gajiya ba, saɓanin Triumph da Norton masu boris biyu kawai, ɗaya a kowane gefe. Ƙashin injin ne ke yanke hukunci, tare da hannun wanda ya haɗa shi: tazarar da ke tsakanin fistin da rami, tazarar bakin ringi, nauyin fistin biyun ya zo daidai, kaurin ƙarfen da ya rage bayan fafewa, da lafiyar famfon baƙin mai. A kuma tuna da birki. Yawancin ƙananan Honda na wancan zamani birkin ganga ne gaba da baya, an yi shi ne daidai da ƙarfin da babur ɗin ya zo da shi.

Ga mai tsohon Roadmaster ko 175, hukuncina shi ne ribar ba ta kai wahalar ba. Tsakanin 185 da 200 cc 13 ne, kuma samun su sai an tsaga inji gida biyu an sauya karanshaf. Idan babur ɗinka ya yi sanyi, a auna matsinsa tukuna, a duba bawul, a fafe hawa ɗaya kawai idan ramin ya ci. Idan kuma ka ƙudurta sai ka ƙara girman, kada ka biya kuɗin kowane ƙarfe sai bakanikenka ya auna shi a gabanka ya gwada da na asali, sannan ka shafa wa tsohon bulonka da karanshaf ɗinka mai ka adana su, domin kamfani ya daɗe da daina ƙera su.